KUNYA KO SAKACI? ILIMIN BALAGA DA AURE GA NAƘASASSU A ƘASAR HAUSA

1.0 Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai kunya, kuma yana alfahari da ita. Kunya ce take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ce take hana mutum cin abinci a gaban surukansa, ita ce kuma take sa a sakaya zance da zarar magana ta biyo ta kan al'aura ko kwanciyar aure. Babu mai hankalin da zai nemi a yi watsi da wannan kyakkyawar ɗabi'a. Sai dai kuma akwai wani rukuni na al'umma wanda kunyar nan, idan aka ajiye ta ba a muhallinta ba, take jefa shi cikin duhu da hatsari. Wannan rukuni shi ne na naƙasassu, waɗanda a yau aka fi kira masu buƙata ta musamman, wato makafi da kurame da bebaye da guragu da kutare da masu raunin fahimta da sauransu.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, naƙasa ba ta hana balaga, ba ta kashe sha'awa, kuma ba ta kawar da buƙatar abokin zama. Saboda haka ilimin da ya shafi jiki da tsarki da kare mutunci da zaman aure haƙƙi ne na naƙasasshe kamar yadda yake haƙƙi ga kowa. Hasali ma shi ya fi kowa buƙatar a zaunar da shi a koya masa, domin hanyoyin da sauran yara suke tsintar wannan ilimi a toshe suke gare shi. Wannan nauyi kuwa, bayan iyaye, babu wanda ya hau kansa kamar malami.

2.0 Matsayin Naƙasassu a Idon Al'umma

Naƙasassu ba 'yan tsiraru ba ne kamar yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. Ke nan cikin kowane mutum shida akwai ɗaya. Da wuya malami ya yi shekara yana koyarwa bai sami irin wannan ɗalibi a ajinsa ba, ko ya lura ko bai lura ba.

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun tanadar wa naƙasassu wani tsari na zaman jama'a. A manyan garuruwa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kuma akan sami unguwanni da aka san su da su. Waɗannan sarakuna sukan sasanta rikici, su shige gaba wajen neman aure, su tsaya a kan biki da suna. Wannan ya nuna cewa al'ada ba ta taɓa hana naƙasasshe aure ba. Abin da ta yi shi ne ta keɓe shi: makaho ya auri makauniya, kuturu ya auri kuturwa, kowa ya tsaya a wajen ire-irensa.

Matsalar da ta fi girma tana cikin tunanin masu lafiya. Da yawa suna kallon naƙasasshe a matsayin abin tausayi kawai, wanda iyakar buƙatarsa ita ce ci da sha da sutura. Akan ɗauke shi tamkar yaron da ba ya girma, ko da kuwa furfura ta fito masa. Shi ya sa idan gurguwa ta yi kwalliya ta fito sai a yi ta kallonta ana murmushi, idan makaho ya ce yana son wance sai zancen ya zama abin raha a majalisa. Wanda aka ɗauka ba shi da sha'awa kuwa, babu wanda zai ga dalilin koya masa yadda zai sarrafa ta, ko yadda zai kare kansa daga ta wasu.

3.0 Yadda Ɗan Bahaushe Yake Tsintar Ilimin Balaga

Domin a gane girman matsalar, ya kamata a dubi yadda yaro mai gani da ji yake sanin waɗannan abubuwa. Gaskiyar magana ita ce ba kasafai ake zaunar da shi a koya masa ba, tsinta yake yi. Yarinya tana ganin yayarta ta daina salla na wasu kwanaki, tana ganin ƙunzugu a shanye a bayan ɗaki, tana jin hirar mata a gidan suna da wajen kitso, tana jin wa'azi a rediyo, tana jin malamin Islamiyya yana karanta babin haila. Yaro kuma yana jin zancen samari a dandali, yana ganin yadda ake zuwa zance da yadda ake kai gaisuwar iyaye. Kafin su balaga sun harhaɗa wani abu, ko da bai cika ba. Wannan makaranta ce wadda ba ta da allo, kuma kayan aikinta biyu ne kacal: ido da kunne.

To, ina makomar wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu? A ɗauki misalin yarinya kurma 'yar shekara goma sha biyu. Duk hirar da ake yi a tsakar gida tana wuce ta. Ba ta jin rediyo, ba ta jin malamin Islamiyya, sau da yawa ma ba a kai ta Islamiyyar ba. Ranar da ta fara ganin jini babu abin da zai zo mata sai tsoro, ta ɗauka ciwo ne ko rauni, wataƙila ma ta ɓoye don gudun duka. Mahaifiyarta kuwa, wadda alamun hannunta ba su wuce na “zo”, “ci”, “tafi” da “bari” ba, da wane harshe za ta yi mata bayani? An daɗe da sanin cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka wannan ba matsalar gida ɗaya ba ce.

Makaho shi kuma yana ji, amma ba ya ganin abin da ake nufi. Bai taɓa ganin bambancin jikin namiji da na mace ba, ba ya ganin sauyin da ke faruwa a jikin tsaransa balle ya san nasa ba wani baƙon abu ba ne. Budurwa makauniya ba ta ganin ko tufafinta sun ɓaci, ba ta kuma ganin kallon da wani yake yi mata, wanda mai ido za ta gani ta kauce tun da wuri.

Daɗin daɗawa, akwai batun harshe. Hausa tana da arzikin sakaya zance a wannan fage. Ana cewa mace tana “fashin salla” ko “al'ada”, ta yi “ɓatan wata”, ta “yi nauyi”, ta “sauka”. Ana cewa yaro ya “yi mafarki”, ana kiran al'aura “gaba”, ana kiran cututtuka iri-iri da “sanyi”, ana gargaɗin yarinya da kada ta bari wani ya “ɓata ta” ko ya “yi mata wasan banza”. Wannan salo yana da kyau, amma yana aiki ne kawai a tsakanin waɗanda suka riga suka san abin da aka sakaya. Yaro mai raunin fahimta yana ɗaukar kalma a zahirinta. Idan aka ce masa kada ya yi wasan banza, yana iya zaton wasan ƙasa ake nufi. Idan aka mayar da “fashin salla” zuwa alamar hannu kalma bayan kalma, abin da kurma za ta fahimta shi ne an daina salla, ba tare da ta san dalili ba. Ashe ke nan abin da yake ladabi a kunnen mai ji, yana iya zama duhu a wajen wanda aka fi son ya gane.

Su ma kuramen harshensu ba ɗaya ba ne. Akwai maganar hannu ta gargajiya wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta daga Amurka yake, ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yaron da ya je makaranta yana iya dawowa gida da alamun da iyayensa ba su sani ba. Duk wanda zai isar da saƙo mai muhimmanci ga kurma, wajibi ne ya fara sanin da wanne yake magana.

4.0 Abin da Shirun Yake Haifarwa

Idan iyaye da malamai suka yi shiru, ba shi ke nan ba ne a ce yaro ya zauna da tsarkin zuciya. Wani ne zai zo ya koya masa, kuma sau da yawa mugu ne. Wani nazari da aka yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2012, ya nuna cewa hatsarin cin zarafi ta hanyar lalata ga yara naƙasassu ya kusa ninka na sauran yara sau uku, ga masu raunin fahimta da taɓin hankali kuwa ya haura sau huɗu. Alƙaluman daga ƙasashe masu arziki aka tattaro su, inda ake da tsarin kula da yara. Babu dalilin da zai sa a yi zaton lamarin ya fi sauƙi a inda irin wannan tsari yake da rauni.

Dalilan a fili suke. Azzalumi yana zaɓar wadda ba za ta iya gudu ba, ko wadda ba ta gan shi ba balle ta nuna shi, ko wadda ba ta da bakin faɗa, ko wadda in ta faɗa ba za a yarda ba. Bayan haka, naƙasasshen yaro ya saba da a taɓa jikinsa ba tare da an nemi izininsa ba: a ja shi, a ɗauke shi, a yi masa wanka, a sauya masa tufafi. Idan ba a koya masa ba, ba zai bambance taɓawar taimako da ta cuta ba. Ga kuma bara da take fitar da 'yan mata kan titi da tasha har dare. Ga mummunan camfin nan na wasu marasa imani da suke ganin kusantar mahaukaciya yana kawo dukiya ko sa'a, wanda shi ne yake sa a wayi gari a ga baiwar Allah tana yawo a bola da ciki, kowa ya yi salati ya wuce. Abin takaici, idan asiri ya tonu, iyaye da yawa sukan zaɓi rufa shi, musamman in mai laifin na gida ne, sai a bar yarinya da ciwo biyu.

Matsalar ba ta tsaya a yara ba. Matar aure gurguwa idan ta je awon ciki takan tarar da matattakala a ƙofa, da gadon awo mai tsawo wanda ba za ta iya hawa ba, da banɗakin da kekenta ba ya shiga. Wani lokaci kuma abin da ya fi matattakalar ciwo shi ne kalamin ma'aikaciya: “Ke ma har da ke? Wane mara tausayi ne ya yi miki wannan?” alhali kuwa da aurenta, da mijinta. Kurma idan yana fama da ciwon sanyi, dole ya tafi da ƙanensa ko ɗansa ya yi masa tafinta, ya bayyana sirrinsa a gaban wanda yake jin nauyi. Da yawa sukan gwammace su zauna da ciwon, ko su nufi mai tallan magani a bakin kasuwa. Makaho kuwa akan miƙa masa takardar faɗakarwa a kan cutar ƙanjamau wadda ba zai iya karantawa ba, sannan a lissafa shi cikin waɗanda aka wayar wa kai.

5.0 Aure: Tsakanin Camfi da Gaskiya

Babban abin da yake hana a ba naƙasasshe aure shi ne tsoron gado. Iyaye sukan ce ba za su haɗa iri da kuturu ko gurgu ba. Wannan tsoro ya cancanci a auna shi da ma'aunin ilimi.

Kuturta ba a gadonta. Ƙwayar cuta ce take kawo ta, wadda likitan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano a 1873, kuma jikin mafi yawan mutane yana da kariya daga gare ta. Tun farkon shekarun 1980 aka sami haɗin magungunan da suke warkar da ita cikin wata shida zuwa goma sha biyu, kuma tun 1995 ake bayar da su kyauta. Da zarar mutum ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Dungulmin yatsun da ake gani tabo ne na ciwon da ya wuce, ba alamar yana nan ba. Shan inna ma ba a gadonta. Ƙwayar cutarta tana lalata jijiyoyin da suke motsa gaɓoɓi ne, ba ta taɓa haihuwa. An ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020, amma dubban waɗanda ta gurgunta a baya suna nan, kuma da yawansu yanzu ne suke shekarun aure. Abin da mace mai irin wannan lalura take buƙata shi ne ta fara awo da wuri ta kuma haihu a asibiti, domin idan ƙugunta ya karkace tana iya buƙatar tiyata. Haka nan makanta da kurumta da yawa a wannan yanki daga baya suke samuwa, ta dalilin ƙyanda ko sanƙarau ko hakiya ko yanar ido ko haɗari, kuma galibinsu ba sa bin jini. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta zama tare, kuma mai ita tana iya haihuwa lafiya, sai dai ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, saboda wasu magungunanta suna iya cutar da ɗan tayi.

Ba a ce babu naƙasar da ake gado ba. Akwai wasu nau'o'in kurumta da makanta da suke bin jini, kuma sun fi bayyana a inda auren zumunci ya yawaita. Maganin wannan shi ne a nemi shawarar likita, ba a yanke hukunci da ido ba. Abin mamaki ma shi ne, cutar gado da ta fi addabar wannan al'umma, wato sikila, masu lafiya garau ne suke ɗauke da ita. Idan mai rukunin jini AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Sai ga shi ana korar gurgu wanda babu abin da zai gadar wa 'ya'yansa, ana maraba da mai tafiya da ƙafa biyu ba tare da an tambayi jininsa ba.

Ta fuskar addini ma babu hujjar wariya. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci, kuma Annabi (SAW) ya sha wakilta shi a kan Madina idan zai yi tafiya. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, yana da mata da 'ya'ya, kuma ya yi shahada a Uhudu. A fiƙihun Malikiyya, aibobin da suke ba miji ko mata zaɓin warware aure su ne hauka da kuturta da albaras da cutar al'aura mai hana saduwa, kuma zaɓin yana tabbata ne ga wanda aka ɓoye wa. Wanda ya sani ya kuma yarda, aurensa ya inganta. Makanta da gurguntaka ba sa ma cikin jerin, sai in an shardanta lafiya tun farko. Ke nan abin da shari'a ta tsaya a kai shi ne gaskiya da yarda, ba hani ba.

Dokar zamani ita ma ta bi wannan hanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Naƙasassu a 2006, Nijeriya ta sa hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sashe na 23 ya tabbatar musu da haƙƙin aure bisa yardarsu, da haƙƙin haihuwa da tsara iyali, ya kuma hana a kashe musu haihuwa saboda naƙasa. Sashe na 25 ya wajabta a ba su kulawar lafiya daidai da kowa, har da lafiyar haihuwa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa mai haramta nuna musu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, ta kuma umarci asibitocin gwamnati su tanadi hanyar sadarwa ga waɗanda ba sa ji ko magana. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Duk wanda ya leƙa ƙaramin asibitin unguwarsu zai iya auna wa kansa tazarar da ke tsakanin takarda da aiki.

Wajibi ne kuma a ja kunne a kan kishiyar hani, wato tilas. Wasu iyaye sukan aurar da 'ya naƙasasshiya ga duk wanda ya taya, ko su bayar da ita sadaka ga tsoho ba tare da jin ta bakinta ba, don a sauke nauyi. Wasu kuma sukan yi wa mai taɓin hankali aure da sunan magani. Aure ba asibiti ba ne. Wanda aka hana da wanda aka tilasta duk abu ɗaya aka yi musu: an ƙwace musu zaɓi.

6.0 Hujjojin Masu Saɓanin Ra'ayi

Akwai masu ganin cewa koya wa yara irin waɗannan abubuwa buɗe musu ido ne. Wannan damuwa ba ta banza ba ce, kuma ita ce ta sa manhajar ilimin zaman iyali da ƙanjamau da aka fito da ita a 2003 ta gamu da turjiya a Arewa. To amma abin da ake kira a koyar ba baƙo ba ne. Littattafan Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, waɗanda ake karantawa a zaure shekara da shekaru, sun yi bayanin haila da janaba da wanka dalla-dalla, kuma ba a taɓa cewa sun lalata kowa ba. Ibada ba ta inganta sai da tsarki, tsarki kuwa ba ya yiwuwa sai da sanin jiki. In har makauniya da kurma salla ta hau kansu, to sanin hukuncin haila ma ya hau kansu. Abin da za a kiyaye shi ne shekarun yaro da ladabin bayani da wanda zai yi shi.

Wasu kuma suna cewa wanda yake bara da me zai riƙe mace? Gaskiya ne ciyarwa sharaɗi ce, amma sharaɗi ce a kan kowa, kuma da aljihu ake auna ta, ba da ƙafa ko ido ba. Bahaushe da kansa ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Akwai makafi malamai da lauyoyi, akwai guragu maƙera da 'yan kasuwa, akwai kurame teloli da kafintoci, kamar yadda akwai masu lafiya zauna-gari-banza da aka yi wa aure. Inda wannan hujja take da ƙarfi shi ne batun 'ya'ya: ba daidai ba ne a haifi yaro a mayar da shi ɗan jagora, ya tashi a titi tsaransa suna aji. Amma gyaran wannan shi ne ilimi da sana'a da horon tafiya da sanda, ba hana aure ba.

7.0 Nauyin da Yake kan Malami

Ba kowane ɗalibin kwalejin ilimi ne zai koyar a makarantar musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri ba, ba kuma kowa ne ya sami horo irin na Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo ba. Amma yawancin yara naƙasassu da suke karatu a makarantun gama-gari suke, don haka aikin na kowane malami ne.

Da farko, malami ya yi bayani a fili. A keɓe mata da malama, maza da malami, a kira abu da sunansa cikin ladabi, sannan a nuna wa ɗalibi kalmar sakayawa da abin da take nufi. Ga kurma a yi amfani da zane da alamar da ya sani, a kuma nemi ya maimaita don a tabbatar ya gane, domin gyaɗa kai ba shaida ba ce. Ga makauniya a ba ta audugar mata a hannu ta shafa ta koyi sa ta, a koya mata lissafin kwanakinta da ƙulli ko 'ya'yan carbi, a samar da bayanai da murya ko da rubutun makafi. Ga mai raunin fahimta a taƙaita, a maimaita, a yi haƙuri.

Na biyu, a koya wa kowane yaro ƙa'idoji uku: akwai sassan jiki da ba mai taɓawa sai don tsafta ko magani, kuma da saninsa, yana da ikon ya ƙi, ko da babba ne, kuma duk wanda ya ce masa “kada ka faɗa wa kowa”, to a ranar zai faɗa. Malami ya fara da kansa, ya nemi izini kafin ya kama hannun makaho ko ya tura keken gurgu.

Na uku, malami ya zama mai lura da saurare. Yaron da ya sauya hali farat ɗaya, ko yake tsoron wani mutum, ko ya daina zuwa makaranta, yana faɗin wani abu ne ba da baki ba. Idan ɗaliba ta kawo ƙara, a yarda da ita tukuna, a rufa mata asiri, a sanar da shugaban makaranta da iyaye, a garzaya asibiti. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, saboda haka kwana uku na shawarar dangi suna iya zama asarar rayuwa.

Na huɗu, kada malami ya yi aikin shi kaɗai. Ya jawo iyaye da malaman addini tun farko, ya kuma gayyato magidanta da matan aure naƙasassu su yi wa ɗalibai magana, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Budurwa gurguwa da ta ga uwa irinta da goyo ta sami amsar tambayar da ba za ta iya yi wa kowa ba.

Malamin Hausa kuma yana da ƙarin aiki, domin harshe ne sana'arsa. Shi ya fi dacewa ya tattara kalmomin wannan fage, ya tace su, ya haɗa kai da masu maganar hannu a daidaita alamunsu. Shi ne kuma zai lura da karin magana da barkwanci da tatsuniyoyin da suke mayar da naƙasasshe abin dariya, ya koyar da su tare da sharhi, ya kuma hana a kira ɗalibi da lalurarsa maimakon sunansa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa naƙasassu suna balaga, suna so, suna aure, suna haihuwa, kuma addini da doka da ilimin likita duk sun goyi bayan haka. Abin da ya rage musu cikas shi ne shirun al'umma da camfe-camfenta. Yaro mai ido da kunne yana iya tsintar abin da ba a faɗa masa ba, amma makaho da kurma da mai raunin fahimta sai abin da aka miƙa musu. Kunyar da take sa a suturta zance abar yabo ce. Wadda take sa a bar yarinya ta gamu da jinin farko cikin firgici, ko ta faɗa hannun azzalumi ba ta san sunan abin da aka yi mata ba, wannan sakaci ce, kuma za a tambayi iyaye da malamai a kanta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Malamin da ya karɓi aji, ya fara da tambayar kansa wane ɗalibi ne a ciki saƙon ba ya isa gare shi, sannan ya nemi hanyar da zai isar masa.